Gaiwata a Bangon Umdurman

Ranar da na fara taka harabar jami'a a Khartum na gane an yi mana sakiyar da ba ruwa. Dillalin karatun da ya shirya mini tafiya ya rantse wa mahaifina har da dafa ƙirji cewa likitanci zan karanta. Da na miƙa takarduna, ma'aikacin rajista ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Ilmul hayawan." Larabcina na makarantar Islamiyya ne, amma ko ɗan aji ɗaya ya san hayawan ba mutane ba ne. Na ce masa lallai an yi kuskure. Ya ce shi dai bai ga kuskure a takarda ba, sai dai in wanda ke tsaye a gabansa ne. Na fita na kira dillali, aka ce wayarsa a kashe take. Har yau ba a kunna ta ba.

Da yamma na kira gida, Haɗeja. Mahaifina ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "To, Nuhu, likitan dabbobi ke nan. Ba laifi, ko awakin gidan nan ka riƙa dubawa."

Na ce, "Abba, wannan daban ne. Mu ba ma yi musu magani. Sanin su kawai muke yi."

"Sanin su? In kun san su sai ku yi yaya, ku gaisa? Me ake zama da wannan karatu?"

Sai daga baya na san masu wannan karatu ne ke bin sawun fara kafin ta sauka a gonaki, su ne ke binciken sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, wasu suna gidajen ƙyanƙyasar kifi ko gandun namun daji, da yawa kuma alli suke riƙewa. Amma a ranar abin da na sani kawai shi ne komawa gida hannu rabbana ya fi zama da hayawan ciwo. Don haka na zauna.

Ɗakin kwanan ɗalibai aka ce ya cika, in dawo gobe. Na dawo, aka ce gobe. Na yi ta kwana a barandar wani masallaci ina tashi da shatin tabarma a kumatu, ga zafin da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba, ga ful, wato dafaffen wakensu, safe da rana da dare. Yunwar abincin gida ce ta kai ni Umdurman. Wani ɗalibi ya ce mini a kasuwar can akwai masu sayar da wani nama da ake kira agashe. Na hau mota muka haye gada. Ban san a motar Sudan ba a cewa akwai sauka ba, yatsu ake ƙyastawa, sai da aka wuce da ni nesa ina ta ɗaga hannu kamar mai neman izini a aji. Hancina ne ya dawo da ni hanya. Ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji na ji, na bi shi. Agashe ashe tsire ne.

Na sa tsinke ɗaya a baka, idona ya kawo ruwa, na ce da ƙarfi ba tare da na sani ba, "Kai, Allah ya yi wa mai wannan yaji albarka!"

"Amin," in ji wani tsoho da ke zaune a benci, cikin farar jallabiya da ƙaton rawani. Da farko na ɗauka Balarabe ne. "Ɗan ina?"

Na ce Haɗeja.

Tsohon nan ya miƙe zumbur har takalminsa ɗaya ya fita. "Allahu akbar! Ya jama'a, ku zo ku ga bawana!" Ya riƙe ni da hannu biyu yana jijjigawa. "Ni Bakatsine ne, ya waladi, ɗana. Tun ina yaro kakana yake ce mini Bahaɗeje abokin wasanmu ne, duk inda na gan shi in tsokane shi. Ga ni na tsufa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Wasan ya taru, yau zan fara sauke shi a kanka."

Shi ne Baba Sale, mai rumfar agashen. A Umdurman aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya bar Katsina a ƙafa za shi Makka, ya tsaya noman auduga don ya tara guzuri, bai kuma ci gaba ba, bai koma ba. Baba Sale bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma in ya ce "gida" ita yake nufi. A ranar ya sa aka ɗauko jakata daga masallaci.

Gidansa gidan ƙasa ne mai faffaɗar tsakar gida, ɗakin baƙi kuma kullum cike yake da 'yan uwa daga ƙauyuka. Aka ba ni angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin wata rumfa. A nan na yi shekarun karatuna, kuma ban taɓa jin an ware ni ba. Matarsa Inna Hawwa ta lura ba na gama kisra, waina ce mai tsami siririya, sai ta riƙa tuƙa mini tuwo da miyar kuka duk Juma'a. Ranar farko na ci ina sharar hawaye, na ce yaji ne. Ta ce, "Aiwa, yaji ne," ta ƙara mini malmala ɗaya.

Sau ɗaya kawai muka ɓata da Inna. An ba mu aikin kwaɗi, na kawo su gida a bokiti na rufe da faifai. Kafin in dawo daga masallaci sun ture faifan, ɗaya ya faɗa cikin ƙullun kisrarta yana iyo. Inna ta tara gida gaba ɗaya ta kafa doka.

"Sunanka Nuhu, na yarda, amma gidana ba jirgi ba ne. Daga yau duk abin da ke numfashi, in ba mutum ba ne ko akuya, ya shigo gidan nan, wallahi ko ni ko shi. In kuma ana ci, tukunya zai shiga."

Na ce na ji na bi.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa. Malamar da aka haɗa ni da ita, Daktora Su'ad, gajeriyar mace ce da ban taɓa ganin haƙoranta ba. Ta tambaye ni wace dabba na sani tun daga gida. Na ce gaiwa, kifin nan da in fadama ta ƙafe yake nutsewa cikin laka, ya naɗe kansa, ya bar 'yar kafa ɗaya ta numfashi, ya kwanta yana cin jikinsa har ruwa ya dawo. Ta ce shi ke nan, na sami aiki. Zan auna nauyin gaiwa, in sa ta a laka ta bushe, bayan watanni in jiƙa ta in tashe ta, in sake aunawa a ga nawa ta ci daga jikinta.

Da na gaya wa mahaifina, sai ya ce, "Gaiwa? Wadda ke bayan gidanmu? Sai da ka je Sudan za ka san ta?" Ya ƙara da cewa haƙurinsa iyakarsa wannan shekara. In na kuskura na maimaita, in nemi wani uban a can.

Masuntan madatsar ruwa ta Jabal Awliya suka samo mini ƙananan gaiwa. Masu buga bulo a Aljirif suka ba ni laka mai kyau, suka ara mini akwatin bugun bulonsu suna dariya. Kowace gaiwa ta shiga lakarta, laka ta bushe ta zama bulon ƙasa sak, sai 'yar kafa a gefe ɗaya. Daga nan tsiya ta fara. Wasu zafin ɗakin gwaji ya kashe su, wasu ɓeraye suka haƙo, wasu famfo ya fashe ya tashe su ba lokaci ba. Guda ɗaya ta rage, na kuwa sa mata suna Ta-Rage. Ana cikin haka aka rufe jami'a sai abin da hali ya yi. Daktora ta ɗora mini bulon a hannu ta ce, "Tafi da shi gida. Kada ruwa ya taɓa shi, kada rana ta buge shi, kada kafar nan ta toshe. In ta mutu, sai baɗi."

Na shiga da shi gida cikin buhu, na tura ƙarƙashin angarib. Ban gaya wa kowa ba, don gaiwa tana numfashi, kuma ana cin ta, ta faɗa dokar Inna ta ko'ina. Kullum bayan sallar asuba sai in jawo bulon, in hure ƙurar kafar, in kara kunne, in zauna ina kallonsa ina tunanin digirina da fuskar mahaifina. Sai in yi ajiyar zuciya in mayar da shi. Na ɗauka babu mai ganina.

Daf da damina Daktora ta tura mu 'yan kwanaki Jabal Awliya tattaro dodon-koɗi. Na dawo da la'asar, baƙi ƙirin, ina warin laka. Tun daga bakin lungu na ji hayaniya. Na shiga na tarar da maƙwabta cike da gida, an yanka akuya, mata na ta guɗa. Inda rumfata take babu rumfa. Sabon ɗaki ne tsaye, da ƙofarsa shuɗiya.

Baba Sale ya kamo hannuna, bakinsa har kunne. "Ga ɗakinka, ɗan Haɗeja. Nafir muka kira, gayya, unguwa duk ta fito."

Na leƙa. Ga angarib ɗina a ciki an shimfiɗa sabon zanen gado. Na durƙusa kamar mai godiya na leƙa ƙarƙashinsa. Wayam.

Na ce a hankali, "Baba, akwai wani bulo da…"

Ya ɗora mini yatsa a baki. "Na gan shi, ya waladi. Na gane. Kada ka ce komai." Sai ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Ku ga ɗan mutunci! Yaron nan shekara da shekaru yana kwana a tsakar gida, bai taɓa buɗe baki ya ce yana son ɗaki ba. Sai ya samo tubali ƙwaya ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin gado. Kullum da safe ya fito da shi, ya hure shi, ya zuba masa ido yana ajiyar zuciya. Na ce wa Hawwa, kin gani? Haka kakana ya ce mutanen gida suke, ba sa roƙo da baki. Tubalin nasa kuwa yana cikin ginin, da shi muka yi, don albarka."

Aka ɗauki kabbara. Na zauna daɓas a bakin ƙofa, hawaye ya ɓalle mini. Mata suka ce, "Allah sarki, murna ce." Gaskiya rabi murna ce, don tunda nake ba wanda ya taɓa gina mini ko akurki. Ɗaya rabin kuwa digirina nake yi wa kuka, yana can cikin bango an haɗa shi da ɗaruruwan 'yan uwansa.

Ta ina zan fara? Mutanen nan sun bar sana'arsu sun kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu saboda ni. In ce musu a rushe, kifina na ciki? Na ci naman akuya kamar ina tauna tsumma, na bar sirrin a cikina.

An riga an yaɓe cikin ɗakin sumul. Waje ne ba a yaɓe ba, ana jiran kwaɓin zibala ya ruɓa, wato ƙasa da kashin dabbobi da suke shafe bango da shi kafin ruwa ya sauka. Duk ranar da aka shafa shi, kafar Ta-Rage ta toshe ke nan, in ma ba ta riga ta toshe ba. Na bi bangaye uku bulo-bulo ina neman kafa, ban gani ba. Na huɗun, na yamma, bayansa yana cikin gidan maƙwabcinmu Ammu Siddiƙ, a sashen mata kuma, inda namiji baƙo ba ya shiga.

Na san gaiwa in aka dame ta takan yi wani ɗan gurnani. Don haka da azahar, in kowa ya kwanta hutun rana, sai in bi bangon yamma daga ciki ina ƙwanƙwasawa da cokali ina kara kunne. Wani lokaci har in ce, "Kina nan? Don Allah ki yi magana." Ban ji komai ba sai ƙarar tukwanen maƙwabta. Da abin ya ishe ni, na jawo durom ɗin ruwa na taka na leƙa ta kan katanga. Ban ga kafa ba. Abin da na gani shi ne Tahani, 'yar Ammu Siddiƙ, ma'aikaciyar jinya da ta girme ni, tana shanya. Muka yi ido huɗu.

Ta ce, "Ya zol, bawan Allah, lafiya?"

Na buɗe baki in yi bayani, durom ya gangara, na zo ƙasa da baya. Da na buɗe ido, Inna Hawwa ce tsaye a kaina da buta a hannu. Ta dubi katanga, ta dube ni, ta gyaɗa kai ta wuce ɗakin mijinta.

Washegari da hantsi na ga Baba Sale ya fito cikin jallabiyarsa ta Idi, rawani ya sha naɗi, turare na tashi, ga ƙunshin dabino a hannu.

"Tashi ka sa kayan kirki, ɗan Haɗeja. Na gane."

Na ce, "Baba, me kuma ka gane?"

"Kai dai ba ka roƙo da baki, mun sani. Mai sa kunne a bango yana cewa 'kina nan', mai hawa durom har ya faɗo, ai ya gama magana. Na aika wa Siddiƙ tun jiya, yana jiranmu. Tahani yarinyar kirki ce, ta iya allura. Mu je in nema maka ita. Masu yaɓe ma sun riga sun shiga can, yau za su gama maka bangon, alheri biyu a rana ɗaya."

Na ga digiri zai tafi, ga aure zai zo, duk kafin azahar. Kunyar da na yi ta riƙo ta sake ni. Na ce da ƙarfi, "Baba, kifi ne!"

"Wa? Tahani?"

"Bulon! Akwai kifi a ciki, gaiwa, da ranta. Ita ce jarrabawata. In aka yaɓe bangon nan ta mutu, ni ma na mutu."

Inna ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Kifi? A gidana?"

Na ce, "A bangonki dai, Inna."

Na zayyana musu komai, tun daga Aljirif har durom. Baba Sale ya nemi bakin angarib ya zauna. Ya ajiye dabinon a gefe, ya warware rawaninsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

Ya ce, "Ashe ba ɗaki kake so ba."

Wannan magana ta fi faɗuwa daga durom ciwo. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, wallahi ban roƙa ba, ko da baki ko da bulo. Amma da na gan shi na san ina so. Ban taɓa mallakar ƙofar da zan rufe ba sai a gidanka. Shi ya sa na kasa cewa a taɓa shi."

Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari. "Bahaɗeje! Kakana bai yi ƙarya ba. Ka ba Bahaɗeje gida, sai ya sa kifi a ciki!" Ya miƙe ya mayar da rawani a karkace. "Hawwa, ba ni diga da wuƙar agashe. Yalla, maza, kafin su shafe mana surukar."

Ammu Siddiƙ ya shimfiɗa darduma, an dafa gahawa, ya tara 'yan uwansa biyu suna jiran masu neman aure. Sai ga Baba Sale ya shigo cikin kayan Idi da diga a kafaɗa, ni ina biye da wuƙa. Mutumin ya miƙe yana ja da baya, ya ce in ma an fasa ne ai sai a faɗa da baki. Baba Sale bai tsaya ba, ya yi sallama ya ratsa sashen mata yana cewa a kauce. Masu yaɓe sun gama rabin bango, hannun ɗayansu cike da zibala, ya daka musu tsawa suka tsaya.

Bai yi wani nema ba. Kai tsaye ya je ya dafa wani bulo daidai ƙirjinsa. Ga 'yar kafata nan, ƙura ta ɗan rufe ta, yaɓe ya zo bai fi taki ɗaya tsakaninsu ba.

"Da hannuna na sa shi," in ji shi. "Daidai kan gadonka, ta yamma, don in ka kwanta kanka ya fuskanci gida, ƙasar Hausa. Na ga yana da huda a gefe, na ce aibi ne, na juya shi waje don kada ya ɓata maka ɗaki."

Ya ƙi bari kowa ya taɓa. Da wuƙar agashe ya riƙa ƙwaƙule ƙasar gefe-gefe, jallabiyar Idi ta koma ja. Da bulon ya fito ya rungume shi ya miƙo mini, haske ya ratsa ta ramin har kan sabon zanen gadona. Na kara kunne na ƙwanƙwasa. Daga ciki na ji wani ɗan gurnani mai kama da na tsohon da aka tasa daga barci. Ban san lokacin da na sumbaci bulo a gaban surukan da ban samu ba. Tahani ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ta gode wa Allah, don tun asuba take neman lafazin da za ta ƙi mutumin da ke faɗowa daga durom ba tare da ta ɓata zumunci ba.

Lokacin tashin gaiwa ya yi, jami'a kuwa ba ta buɗe ba. Daktora Su'ad ta ce za ta zo gida da ma'auninta. Labari ya riga ya zaga unguwa, kafin ta iso tsakar gida ta cika har kan katanga. Inna da kanta ta ba da bahon wankinta, ta ce tana so ta ga abin da ya kwana a bangonta ba sallama. Na sa bulon a ciki na zuba ruwa. Laka ta narke sannu a hankali, wani baƙin dunƙule ya fito a naɗe, ya kwanta a ƙasan baho ko motsi babu.

Muka jira. Aka sha shayi aka sake sha. Daktora ta dubi agogonta, ni kuwa na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifina. Baba Sale ya matso ya tsuguna kusa da ni.

"Wai ita me take yi a cikin lakar tun da can?"

Na ce, "Jira take, Baba. Ruwa ne ya janye ya bar ta a hanya. Sai ta shiga laka ta rufe kanta, tana cin jikinta kaɗan-kaɗan, har ruwa ya dawo ta ci gaba da tafiya."

"In bai dawo bana ba fa?"

"Sai ta jira baɗi."

Ya dubi bahon. Ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Haka kakana ya yi. Shi dai ruwansa bai dawo ba."

Muna nan tsugune sai dunƙulen ya motsa. Wutsiya ta warware, kai ya ɗago, Ta-Rage ta taso saman ruwa ta buɗe baki ta ja iska da wata ƙara kamar gyatsa. Gida ya kaure da guɗa da kabbara. Daktora ta sa hannu za ta ɗora ta a ma'auni, gaiwa ta kai mata cizo a yatsa. A ranar na fara ganin haƙoran malamata, dariya take. Ta rubuta nauyi ta ce, "Mabruk, barka, ya Nuhu." Inna kuwa ta tambaya ko yanzu da an gama jarrabawar za a iya sa mata albasa. Washegari na kai Ta-Rage Jabal Awliya na sake ta, tun kafin Inna ta sami mai goya mata baya.

Ramin bangon ba a toshe shi ba. Baba Sale ya daidaita shi da Ammu Siddiƙ, aka sa masa katako da labule ya zama taga. Ya ce iskar gida ce ke shigowa ta nan. Ni dai iskar da na ji tana shigowa ƙamshin girkin maƙwabta ce, amma ban musa masa ba.

Yanzu ina aiki a wani gidan ƙyanƙyasar kifi kusa da garinmu, ina kuma koya wa masu tafkuna yadda za su raya 'ya'yan tarwaɗa. In aka tambayi mahaifina aikina, cewa yake, "Yana can yana gaisawa da kifi," amma na lura da alfahari yake faɗa.

Da yaƙi ya ci Umdurman, na yi watanni ina kiran layin Baba Sale ba ya shiga. Ban taɓa sanin tsoro irin wannan ba. Rannan ina bakin tafki sai ga baƙuwar lamba. Muryarsa ce, ta shaƙe amma ita ce. Sun fita da shi da Inna da jikoki, suna wani gari a makarantar da aka sauke masu gudun hijira. Rumfar agashe ta tafi, gida bai san halin da yake ciki ba.

Na ce, "Baba, me kuke bukata? Don Allah ka faɗa mini."

"Ba komai, ya waladi, alhamdu lillahi. Mun shiga laka ne, muna jiran ruwa." Ya tambayi mahaifina, ya tambayi kifaye, ya ce yana fata ban sa ko ɗaya a bangon kowa ba. Har mun yi sallama, sai ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, "Af, ɗan Haɗeja. A can gida har yanzu ana buga tubali kuwa?"

Na ce ana bugawa, Baba.

Ya ce, "To. Tambaya ce kawai."

Da na kashe wayar ban koma bakin tafki ba. Gida na wuce, na auna filin da ke gefen ɗakina da ƙafa, na shiga unguwa gida-gida ina kiran gayya.